Yaran da Suka Rubuta Sunayensu a Jikin Jiragen Niyok

  

Cikin wasiƙun da suka iso mini a makon jiya akwai ta wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, wanda ya roƙe ni kada in ambaci sunansa ko na makarantarsu. An kama shi ya rubuta laƙabinsa da fenti, manya-manyan baƙaƙe, a bangon bayan ɗakin gwaje-gwaje. Aka dakatar da shi mako biyu, aka ce kada ya dawo sai tare da mahaifinsa da bokitin fenti. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, ya sha gani a intanet yadda ake girmama masu irin wannan rubutu a ƙasashen Turawa, har ana sayen aikinsu da kuɗi masu tsoka. Ya rufe wasiƙarsa da tambaya: "Yaya, me ya sa abin da yake fasaha a can ya zama laifi a nan?"

Ƙanena, tambayarka ta yi ma'ana. Amsa ta kusa ita ce, a can ɗin ma laifi ne, har gobe. Amma na san wannan ba za ta gamsar da kai ba, domin hotunan da ka gani ba ƙarya ba ne. Don haka yau za mu leƙa inda abin ya bunƙasa, wato birnin Niyok na Amurka, mu ga yadda yara sa'o'inku suka yi kusan shekara 20 suna rubuta sunayensu a jikin jiragen ƙasa, me suka samu, kuma wa ya biya. Daga nan in ba ka nawa labarin, don ni ma ban tsira ba.

Ɗan aike da alƙalaminsa

Niyok na da jiragen ƙasa na cikin gari da suka fara aiki tun 1904. A tsakiyar birni ƙarƙashin ƙasa suke bi. A wasu unguwanni kuma, musamman a yankin Bronx, sai su fito fili su hau gadojin ƙarfe da ke bisa tituna, kowa na hangensu daga tagar ɗakinsa. Dare da rana suna kan aiki, kuma miliyoyin mutane ke shigarsu kullum.

Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka fara ganin wasu sunaye a bangon tashoshi da cikin taragai, kowanne da lamba a gefensa. Wanda ya fi yawa shi ne TAKI 183. Mutane suka yi ta tambayar juna ko wane ne wannan. A watan Yulin 1971 jaridar New York Times ta gano mai sunan. Ashe wani saurayi ne ɗan shekara 17, ɗan asalin Girka, sunansa Demetrius, a gida ana ce masa Taki, kuma a layi na 183 na unguwar Washington Heights yake zaune. Aikin ɗan aike yake yi, shi ya sa kullum yana cikin jirgi daga wannan kusurwa ta birni zuwa waccan, da alƙalamin maka a aljihu. Duk inda ya tsaya sai ya bar sunansa. Ba shi ne ya fara ba, don kafin shi akwai mai rubuta JULIO 204. Amma shi jarida ta buga. Yaran birnin suka ga cewa da alƙalami ɗaya ɗan talaka ya shiga babbar jarida, sai abin ya bazu kamar wutar daji.

'Yan jarida da hukuma suka kira abin girafiti. Su kuwa yaran marubuta suke kiran kansu, domin a wajensu suna da baƙaƙensa su ne komai.

Me ya ja su?

A shekarun 1970 Niyok na cikin wani hali. A 1975 saura ƙiris gwamnatin birnin ta tsiyace, aka sallami dubban ma'aikata, har da malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A kudancin Bronx gidaje suka yi ta cin wuta, har ana zargin wasu masu gidajen da sa a cinna don su karɓi kuɗin inshora. Yaro ya taso ya ga rabin layinsu kango ne, babu wurin wasa na kirki, kuma babu wanda ya san da zamansa a birni mai mutum sama da miliyan 7. Da yawan marubutan 'ya'yan baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Puerto Rico, amma akwai fararen fata da dama a cikinsu. Yawancinsu ba su kai shekara 20 ba, wasu ma tun suna 12 ko 13 suka fara.

Bango wuri ɗaya yake tsaye, 'yan layinku kaɗai za su gani. Jirgi kuwa tafiya yake yi. Sunan da aka rubuta da dare a Bronx, da safe zai ratsa tashoshin unguwannin masu kuɗi na Manhattan, ya ɓulla Brooklyn, inda wani yaro da ba ka taɓa gani ba zai karanta ya haddace. Kai kana zaune a aji, sunanka na zaga birni. Hausawa sun ce suna linzami ne. A nan sunan ne ya ja masu shi har cikin ramin jirgi da tsakar dare.

Sana'a ce mai matakai

Da marubuta suka yi yawa, ɗan sa hannu da maka ya daina ɗaukar ido. Sai aka shiga gasar girma da launi, aka koma fentin feshi na gwangwani. Ana danganta wa wani mai laƙabi Super Kool 223 dabarar cire kan gwangwanin fenti a musanya shi da na wani gwangwanin daban mai feshi da faɗi, ta yadda za a cika manyan baƙaƙe da sauri. Phase 2 ya shahara da baƙaƙe masu kumburi kamar balan-balan. Tracy 168 da abokansa suka yaɗa salon da baƙaƙe ke sarƙewa da juna, kibiyoyi na fita ta ko'ina, har wanda ba ɗan hannu ba ba ya iya karantawa. Can gaba aka kai ga fente tarago sukutum, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, daga sama har ƙasa. Lee Quiñones da ƙungiyarsu ta Fabulous Five sun yi suna a wannan, haka ma Dondi na Brooklyn. Mata ma ba a bar su a baya ba. Lady Pink, wadda aka haifa a ƙasar Ecuador, ta fara rubutu a 1979 tana 'yar shekara 15, a fagen da kusan duk maza ne.

Abin da mai kallon hoto a intanet ba ya gani shi ne wahalar da ke bayan wannan gwaninta. Kowane marubuci na kirki yana da littafin zane mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. A ciki yake zana sunansa sau ɗari, sau dubu, yana gyara ƙafar wannan baƙi, yana lanƙwasa wuyan wancan, yana gwada launukan da za su dace. Akwai wani benci a tashar layi na 149 da Grand Concourse a Bronx, inda jirage masu lamba 2 da 5 ke wucewa. Nan suke taruwa bayan an tashi makaranta, suna kallon jirage, suna yanke hukuncin wane ya burge wane ya kwafsa, suna musayar littattafai kowa ya zana wa ɗan'uwansa.

Sabon shiga kuwa ba ya da baki. Sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa abin wasan yara. Kamar yaron shagon ɗinki ko na gareji, da ɗaukar jaka yake farawa, sai gadi, sai a ba shi cika tsakiyar baƙaƙen da maigidansa ya zana. Sai ya daɗe kafin a yarda ya ja layin gefe da hannunsa. Wanda sunansa ya fi yawa ko ya fi kyau a wani layin jirgi shi ake kira sarkin layin. Suna kuma da dokarsu: ba a rubutu a kan rubutun wani. Wanda ya karya ta ya sayi faɗa, kuma an sha zubar da jini a kan haka. Ku lura da wannan da kyau. Yaran da ke ɓata jirgin jama'a ba tare da izini ba, su ne ba sa yafe wa wanda ya ɓata nasu.

Dare guda a filin ajiye jirage

Waɗanda suka yi wannan rayuwa yanzu dattawa ne, wasu da jikoki. In suna ba da labari a fina-finai da hirarraki, kusan abu ɗaya suke tunawa. A jira iyaye su yi barci, a sulale. A bi ta ramin da aka yanka a jikin shinge, ko a sauka daga ƙarshen dandamalin tasha a taka cikin rami zuwa inda ake jera jirage da dare da ƙarshen mako. Wurin duhu ne, ga ɓeraye, ga sanyin hunturu mai sa yatsu su ƙage. Jiragen a jere suke kusa da juna, sai mutum ya matse a tsakani. Tarago ɗaya ya kai mita 15 a tsawo, kuma fente shi duka kan ci dare guda da gwangwani 20 ko fiye. Warin fenti na cika ƙirji. A ƙasa kuma, gefen dogo biyu da ƙafafun jirgi ke bi, akwai dogo na uku mai ɗauke da wutar lantarki ta kusan volt 600. Taku ɗaya ba daidai ba a cikin duhu ya isa. In aka ji motsin 'yan sanda sai gudu, a kan waɗannan dogayen, wani lokaci jirgi na tahowa. Akwai yaran da suka fita irin wannan dare ba su koma gida ba.

Fentin kuma ba saye suke yi ba. Ɗan shekara 15 ina ya ga kuɗin gwangwani 20? Sata suke yi a shaguna, a cusa cikin babbar rigar sanyi, har abin ya zama ƙa'ida a tsakaninsu. Wannan ɓangaren ba kasafai masu yaɗa hotuna ke faɗa ba.

Wani abu da ke taɓa ni a labarinsu shi ne, saboda matsin wurin, mai zane ba ya iya ja da baya ya kalli aikinsa. Da ƙiyasi da abin da ya haddace daga littafinsa yake aiki. Sai gari ya waye, ya je ya tsaya a tasha ko ya hau rufin wani gida, bai yi barci ba, hannu duk fenti, yana jira. Wataƙila awa ɗaya, wataƙila yini guda. Can sai jirgin ya ɓullo a kan gada, rana na haska shi, sunansa ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da yawansu sun ce ba su sake jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Ban ƙaryata su ba.

Wa ya biya?

Hotunan da suka shahara na wajen jirgi ne. Cikinsa kuwa wani abu ne daban. Bango, rufi, ƙofofi, kujeru, har taswirar da ke nuna wa fasinja hanya, duk an dame su da baƙin tawada, suna a kan suna. In an fente taga, fasinja ba ya ganin tashar da aka iso. Masu kuɗi na iya hawa tasi. Waɗanda ba su da zaɓi su ne masu shara da masu gadi da ma'aikatan jinya da ke dawowa daga aikin dare, wato iyayen yaran da maƙwabtansu. A lokacin da ƙwace da fashi suka yi yawa a jiragen, wannan dame-dame na ƙara sa mutum jin cewa wurin ba shi da mai shi.

Sai masu wankewa. Tun 1972 magajin gari John Lindsay ya shelanta yaƙi da rubutun. Daga 1977 hukumar jiragen ta fara bi da taragai ta cikin wata na'ura mai fesa sinadarai masu ƙarfi. Sau da yawa ba ta fitar da fentin duka, sai ta bar jirgin da wani irin launi mai muni, ma'aikata kuma suka yi ta kukan abin da sinadaran ke yi wa lafiyarsu. Miliyoyin daloli suka tafi a wanki, a birnin da ke sallamar malamai.

A fim ɗin Style Wars na 1983, wanda Tony Silver da Henry Chalfant suka shirya, akwai wurin da aka nuna wani saurayi mai laƙabi Skeme da mahaifiyarsa a gida suna jayayya. Shi yana bayanin cewa don kansa da sauran marubuta yake yi, bai damu da ko sauran jama'a sun gane ba. Ita kuma tana kallonsa da idon uwar da ta san inda ɗanta ke kwana. Duk wanda ya taɓa sa mahaifiyarsa zaman jiran ƙofa zai gane wannan kallo.

Kada kuma ku ɗauka hannun hukuma tsarkakakke ne. A watan Satumban 1983 'yan sandan jiragen suka kama wani matashi baƙar fata mai suna Michael Stewart, ɗan shekara 25, bisa zargin rubutu a bangon wata tasha a Manhattan. An kai shi asibiti a sume, jiki duk rauni, ya rasu bayan kwana 13. An gurfanar da 'yan sanda shida, kotu ta sallame su a 1985. Rubutu a bango laifi ne, amma bai kai a rasa rai a kansa ba, kuma har yau mutanen birnin ba su manta da wannan ba.

Yadda aka kashe wutar

Magajin gari Ed Koch ya gwada ƙarfi. A 1981 aka kewaye wani filin ajiye jirage da ke Corona a yankin Queens da shinge biyu masu waya mai kaifi, aka saki karnuka a tsakani. Aka yi wa wasu jirage farin fenti tas, marubuta suka ga an shimfiɗa musu sabon allo. Aka kafa dokar hana sayar wa yara fentin feshi, aka tilasta wa masu shaguna kulle shi.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe dabara ce. A 1984 David Gunn ya karɓi shugabancin hukumar jiragen. Tsarinsa shi ne a ɗauki layi ɗaya bayan ɗaya, a wanke ko a sabunta taragansa, kuma duk taragon da aka tsabtace, in aka sake yi masa rubutu, ba zai ɗauki fasinja ba sai an goge, ko da hakan zai jawo ƙarancin jirage a lokacin cunkoso. Sun gano abin da yaran ke nema, wato a gani. Ka kwana cikin sanyi, ka yi kasada da ranka, da safe ka tsaya a tasha, jirginka bai fito ba. Sau nawa za ka jure? Ranar 12 ga Mayun 1989 aka cire jirgi na ƙarshe mai rubutu daga aiki, aka shelanta cewa taragai sama da 6,000 sun zama tas.

To me ya rage?

Cikin dubban taragan da aka fente a waɗannan shekaru, kusan babu wanda ya tsira da zanensa. Wasu ko mako ba su yi ba. Abin da ka gani a intanet, ƙanena, hotuna ne, kuma da yawansu aikin mutum biyu ne, Martha Cooper da Henry Chalfant, waɗanda suka yi shekaru suna tsayuwa da kyamara suna jiran jirage, suka tara su a littafin Subway Art na 1984. Wannan littafi da fina-finai irin su Style Wars da Wild Style su suka kai salon Turai da sauran duniya.

Sauran abin da ya rage shi ne abin da ke hannun yaran. Lee Quiñones da Lady Pink da Futura sun koma zane a kan kyalle da bangon da aka ba su izini, aikinsu ya shiga manyan gidajen nune-nune. Dondi ma ya kama wannan hanya kafin rasuwarsa a 1998. Amma su 'yan kaɗan ne cikin dubbai. Taki da ya buɗe ƙofar ya ajiye alƙalami tun da wuri, ya koma sana'ar gyaran motoci. Skeme ya shiga aikin soja. Wasu sun bar makaranta saboda jirgi, suka tashi babu takarda, sai tarihin kamu a wajen 'yan sanda. Waɗanda suka ci riba su ne waɗanda suka cika littattafansu da zane, domin hukuma ta iya wanke jirgi, amma ba ta da sinadarin da zai wanke abin da hannu ya koya.

Nawa labarin

Kafin ka ce Yaya bai san daɗin abin ba, saurara. Ina aji uku a makarantar kwana aka zo yi wa ofishin shugaban makaranta fenti, masu aikin suka bar ragowar shuɗi a wani gwangwani. Ni kuwa a lokacin ba ni cikin 'yan ƙwallo, ba ni cikin masu zuwa na ɗaya, ko malamin ajinmu sai ya duba rajista yake tuna sunana. Abu ɗaya na iya, rubutu mai kyau. Da dare na ɗauki gwangwanin da wani tsohon buroshi, na hau ƙarfen tankin ruwa da ke tsakiyar makaranta, na rubuta wani laƙabi da na raɗa wa kaina wanda ba wanda ya sani. Da safe ɗalibai suka taru suna ɗaga kai suna tambayar wane ne. Ina cikinsu, ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Shi ya sa na ce ban ƙaryata yaran Niyok ba.

Daɗin bai kai azahar ba. Shugaban makaranta ya ce mai aikin ya fito, na yi shiru. Aka sa duk 'yan gidan kwananmu yankan ciyawa kwana biyu, saboda mu ne kusa da tankin. Na yi yankan tare da su, ina jin suna tsine wa mai laifin, har ina taya su. A rana ta uku aka sa wani dattijo lebura, wanda duk muke kira Baba, ya goge. Mutum ne da ya haura sittin, yana ɗingishi. Na tsaya daga nesa ina kallonsa yana hawa tsani da bokiti a hannu ɗaya, tsanin na rawa. Da ya sauko sai ya yafito ni in kama masa bokitin. Ina miƙa hannu ya ga shuɗi a ƙarƙashin farcena. Ya dube ni, ya dubi tankin. Na jira ya kama ni ya kai ofis. Sai kawai ya ce, "Ɗana, hannunka na da kyau. Gobe in za ka yi rubutu, ka yi shi inda tsoho ba sai ya hau tsani ba."

Bai faɗa wa kowa ba. Ni ma ban taɓa faɗa wa abokan da suka yi yankan ciyawa saboda ni ba, sai yau da nake rubuta wannan. In akwai mai karantawa a cikinsu, ya yafe mini. Bulala goma da ta fi mini sauƙi a kan maganar Baba, don ita har yanzu ban gama jin ta ba.

Amsarka, ƙanena

Son a san da kai ba abin kunya ba ne. Shi ya sa wani ke dagewa ya zo na ɗaya, wani ya ci ƙwallo, ni kuma nake sa sunana a wannan shafi. Kuma in hannunka ya iya baƙaƙe, baiwa ce, kada dakatarwar mako biyu ta sa ka binne ta. Amma kyan rubutu ba ya mai da bangon wani ya zama naka. Duk rubutun da aka yi ba da izini ba, akwai mai hawa tsani ya goge shi, kuma yawanci ba shugaban makaranta ba ne ko magajin gari, wani Baba ne.

Ga shawarata. Ranar komawa, ka bi mahaifinka, ka ba shi haƙuri tun a gida don kai ka jawo masa wannan tafiya. Bokitin fentin kuma kai za ka ɗauka, kai za ka shafe bangon da hannunka, kada ka bari a sa wani. Bayan ƙura ta lafa, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka riƙa cika shafi ɗaya kullum. Idan ya cika, ka kai wa malamin zane ko mai kula da ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku, ka nemi a ba ka allon sanarwa, ko taken makaranta da ya koɗe a bakin ƙofa, ko taswirar da ake so a zana a bangon aji. Wanda ya zo da littafi cike da aiki ba a cika mai da shi hannu banza ba. In an yi hutu kuma, ka nemi mai rubuta allunan shaguna ko mai zanen jikin manyan motoci a garinku, ka roƙi mahaifinka ya kai ka. Da wankin buroshi za ka fara, kamar yadda yaran Bronx suka fara da ɗaukar jaka, sai dai kai da rana za ka yi naka, ka ja da baya ka kalli aikinka, a kuma biya ka.

Sauran ƙannena masu sassaƙa suna a tebur da ƙusa, da masu rubutu da gawayi a bangon banɗaki, na san kuna karantawa kuna murmushi. Ku ma da ku nake. Wanda ke da zanen baƙaƙe da yake alfahari da shi, ya yi shi a takarda ya aiko mana ta adireshin wannan fili, tare da sunansa na gaskiya da ajinsa. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a nan, kuma jarida ma tana tafiya gari-gari kamar jirgi.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida malamai.